Yadda Ake Shirya Horon Ɗorewa ga Ƙungiya Mai Zaman Kanta, Mataki-Mataki

Tun daga ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90, matakin da ya ƙare da rufe USAID, hukumarta ta ba da wannan tallafi, a watan Yulin shekarar, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonnin da shugabannin ƙungiyoyi masu zaman kansu suke aiko mini: wane horo za mu yi, kuma ta ina za mu fara, domin ƙungiyarmu ta tsaya da ƙafarta idan mai tallafi ya janye? Damuwar tana da tushe, domin Birtaniya ma ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta nan da 2027. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne jerin aikin kamar yadda ya kamata ya gudana a ƙungiya ƙarama ko matsakaiciya da ke da rajista a Najeriya. Ra'ayina tun daga farko shi ne, horon da ba a gina shi a kan littattafan kuɗin ƙungiyar kanta ba, ɓata kuɗi ne, ko da wanda ya gabatar da shi ƙwararre ne.

1. A fara da takardun ƙungiya kafin a kira mai horarwa

A nemi akanta ya tattaro bayanan asusun banki na shekara biyu ko uku da suka wuce, da duk yarjejeniyoyin tallafi tare da ranar ƙarewar kowace, da jerin albashi, da takardar hayar ofis, da rahoton mai binciken kuɗi na ƙarshe. Daga waɗannan takardu ake fitar da lambobi uku waɗanda duk horon zai rataya a kansu, kuma manhajar Excel ta isa wannan aiki.

Lamba ta farko ita ce kason mai tallafi mafi girma. A ce ƙungiya ta kashe naira miliyan 60 a bara, kuma miliyan 48 daga ciki daga hannu ɗaya suka fito, to kashi 80 cikin ɗari na rayuwarta yana hannun wani. Lamba ta biyu ita ce kuɗin gudanarwa na wata, wato abin da dole a biya ko da babu wani aiki a ƙasa: haya, albashin shugaban gudanarwa da akanta da mai gadi, wuta da man janareta ko gyaran sola, intanet, da kuɗin binciken asusu. A misalinmu, a ce miliyan ɗaya da rabi ne a wata. Lamba ta uku ita ce kuɗin da ba a ɗaure da sharaɗi ba, wanda ƙungiya take da ikon kashewa yadda amintattunta suka ga ya dace. Idan miliyan 2 ne kawai irin wannan kuɗi a banki, ƙungiyar za ta iya rayuwa wata ɗaya da kwana goma bayan tallafi ya tsaya.

Gargaɗi: kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haɗa kuɗin aikin mai tallafi cikin lissafin abin da ƙungiya ta mallaka. Miliyan 20 da ke cikin asusu domin haƙa rijiyoyin burtsatse amana ce, kuma taɓa ta domin biyan albashi, ko da niyyar mayarwa, yana iya jawo a soke yarjejeniya a kuma nemi a dawo da kuɗin.

2. A daidaita matsayin ƙungiya a gaban doka

Wannan mataki ba ya buƙatar malami, buƙatarsa mutum ɗaya ne da zai bi shi har ƙarshe. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, kuma dokar ta wajabta mata miƙa rahoton shekara tare da asusun da aka bincika tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. A duba shafin hukumar a ga ko akwai shekarun da aka tsallake, a biya su tare da tararsu. A tabbatar akwai lambar haraji, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, domin bankuna da masu tallafi sukan nemi ganinta, kuma rajistarta kyauta ce. A duba ko ana cire harajin albashi ana miƙa wa hukumar haraji ta jiha, sannan idan ƙungiya tana biyan fansho, a tuna cewa dokar 2014 ta ɗora kashi 10 a kan mai ɗaukar aiki da kashi 8 a kan ma'aikaci.

Gargaɗi: idan wani amintacce ya rasu ko ya bar ƙungiya, a sanar da CAC a sauya sunansa. Ƙungiyoyi da yawa ba sa gano wannan giɓi sai ranar da banki ya nemi sa hannun wanda ba ya nan.

3. A zaɓi waɗanda za su zauna a horon

Al'adar da ta kafu ita ce a tura ƙaramin ma'aikaci ya wakilci ƙungiya, ya dawo da takardar shaida da jaka, a ajiye a kabad. Horon ɗorewa yana taɓa shawarwarin da ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon yankewa, don haka waɗanda dole su halarta su ne shugaban gudanarwa, da akanta, da shugaban ayyuka, da aƙalla amintattu biyu, ɗaya daga ciki ma'ajin kwamiti. Idan wanda ya kafa ƙungiyar yana raye kuma har yanzu maganarsa ce ake bi, lallai ya zauna daga farko har ƙarshe, in ba haka ba duk abin da aka tsayar zai rushe da kalma ɗaya daga bakinsa. Mutum shida zuwa goma sun isa. Idan sun wuce haka, mutane kan ji nauyin faɗin gaskiya a kan kuɗi.

4. A nemo mai horarwa, a kuma gwada shi

Hanyoyi uku ne a buɗe. Ta farko ita ce darussan intanet na kyauta, irin na dandalin Kaya da na NonprofitReady, waɗanda suka dace da share fage: kowa ya kammala darasi ɗaya a kan kula da kuɗi kafin a haɗu. Akasarinsu da Turanci ne, wasu da Faransanci ko Larabci, saboda haka a haɗa wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba da abokin karatu. Ta biyu ita ce cibiyoyin da wannan ce sana'arsu, kamar cibiyar WACSI da ke Accra a Ghana, wadda ke horar da ƙungiyoyin farar hula na Afirka ta Yamma a kan ɗorewa da tara kuɗi a cikin gida, da gamayyar ƙungiyoyi ta NNNGO a nan Najeriya. Ta uku ita ce ɗauko mutum ɗaya ya zo ofishinku, kuma ita na fi so ga ƙaramar ƙungiya, domin a nan ne ake aiki da lambobinku na gaske maimakon misalan wata ƙasa.

Kafin a sa hannu, a yi wa mai horarwa tambayoyi uku. Shin ya taɓa riƙe kasafin ƙungiya da kansa, ko koyarwa kawai yake yi? Zai karanta takardunku kafin ranar farko? Zai dawo bayan wata uku ya duba abin da aka aiwatar? A kuma nemi ya ba ku ƙungiyoyi biyu da ya yi wa aiki, a kira su a ji. Ga ɓangaren lissafi, ya fi kyau a samu akanta mai rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wanda ya saba da asusun ƙungiyoyi, domin lissafin tallafi ya bambanta da na shago.

Gargaɗi: a guji duk wanda ya yi alkawarin samo muku tallafi a kan a ba shi kaso daga ciki. Masu tallafi ba sa amincewa da irin wannan biya a kasafi, kuma ƙungiyar da ta ɓoye shi a ƙarƙashin wani suna ta fara tafiyarta da ƙarya.

5. A tsara kasafin horon

Abubuwan da ke cin kuɗi sanannu ne: ladan mai horarwa na kwanakin shiri da na koyarwa da na bibiya, sufurinsa da masaukinsa idan daga nesa yake, abinci, buga takardu, da wuta. Zauren otal da alawus na zama su ne sukan cinye mafi yawan kasafi alhali ba sa ƙara komai a ilimi, don haka a yi a ofis, ko a ari aji a makaranta ranar Asabar. Ƙungiyoyi uku ko huɗu na gari ɗaya suna iya raba ladan mai horarwa a darussan gama-gari, sannan kowace ta zauna da shi ita kaɗai a kan lambobinta. Idan akwai mai tallafi a hannu, a duba yarjejeniya ko tana da layin ƙarfafa ƙungiya, a nemi izini a rubuce kafin a taɓa shi. A rubuta kwangila da mai horarwa, a cire harajin da doka ta ce a cire daga ladansa, a kuma riƙe kaso na ƙarshe har sai ya yi ziyarar bibiya.

A raba horon gida uku, kwana biyu-biyu, da tazarar mako uku ko huɗu a tsakani, domin a samu lokacin yin aikin gida. A kauce wa ƙarshen zangon rahoto, lokacin da akanta ba ya samun sukuni.

6. A bi darussan a jere, kada a fara da neman tallafi

Nan ne zuciyar aikin, kuma jerin yana da muhimmanci. Kusan kowa yana so a fara da rubuta takardar neman tallafi, amma ƙungiyar da ba ta san ainihin abin da aikinta yake ci ba, kowane sabon tallafi ƙara mata rami yake yi.

Zama na farko na ainihin tsadar aiki ne. A koma ga misalinmu: kuɗin gudanarwa miliyan 18 ne a shekara, ayyukan fili kuma miliyan 42. Aikin da ya ci miliyan 10.5 rubu'in ayyukan ne, saboda haka rabonsa na haya da albashi da wuta miliyan 4.5 ne. Idan mai tallafi ya yarda da kashi 10 cikin ɗari kawai na gudanarwa, ya ba da miliyan 1.05, kuma ƙungiya ce za ta nemo sauran miliyan 3.45 daga wani wuri. Wannan giɓi ne yake sa shugabanni su ari kuɗin wani aiki su toshe na wani. A zaman ne za a koyi yadda ake shigar da lokacin akanta da na shugaba da rabon haya kai tsaye cikin kasafin kowane aiki, tare da takardar lissafin lokaci da za ta kare hakan ranar bincike. A nan kuma za a tsayar da ƙa'idojin hannu: sa hannun mutum biyu a kowane biya, wanda ya nemi kuɗi ba shi ne zai amince ba, farashi uku kafin babban saye, rasit ga kowace naira, da daidaita littafi da bayanin banki kowane wata. Aikin gida shi ne jadawalin shiga da fitar kuɗi na wata 12 masu zuwa.

Gargaɗi: a sa hauhawar farashi da canjin kuɗi cikin kowane kasafi mai tsawo. A Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Wanda ya sa hannu a kasafin shekara uku da naira ba tare da sharaɗin sake dubawa ba, ya ga yadda kuɗin buhu goma ya koma na huɗu ko biyar.

Zama na biyu na hanyoyin samun kuɗi ne, kuma a nan ne nake ganin ƙungiyoyinmu suna barin abin da ke kusa suna hangen na nesa. A fara da jerin mutanen da suka san aikinku: waɗanda suka amfana suka samu abin hannu, 'yan asalin gari da ke aiki a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje, 'yan kasuwa, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Mutum 300 da kowa zai riƙa ba da naira 1,000 a wata sun tara miliyan 3.6 a shekara, wato kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin gudanarwa a misalinmu, kuma kuɗi ne da babu sharaɗin kowa a kansa. Abin da ke riƙe irin waɗannan mutane shi ne godiya a kan lokaci da rahoto gajere da Hausa, ko ta WhatsApp ne, mai nuna abin da ya shigo da inda ya tafi. A horar da mutum ɗaya musamman a kan riƙe wannan rajista, tare da kiyaye lambobin mutane kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada.

Sai zakka da waƙafi, waɗanda suke buƙatar a gayyato malami masani ya zauna a wannan darasi. Zakka tana da rukunoni takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, don haka ba kuɗin da za a biya haya da shi ba ne bisa ganin dama, kuma wajibi ne a ware mata asusu ko aƙalla littafi daban. Waƙafi shi ne ya fi dacewa da maganar ɗorewa, domin asalin dukiyar yana nan, amfaninta ake ci: shago, gida, gona ko fili. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya koyon tsari daga gare su. Ƙungiyoyin da ke da alaƙa da majami'u su ma suna da hanyar baiko na musamman da za a tsara a kan wannan ƙa'ida ta rubutu da rahoto.

Gargaɗi: duk kadarar da aka bayar, a rubuta ta da sunan amintattun ƙungiya masu rajista, da shaidu, tun mai bayarwa yana raye. Waƙafin baki yakan zama rigimar gado.

Game da sana'ar da ƙungiya za ta riƙa samun riba, shawarata ita ce a sayar da abin da aka riga aka iya: hayar zaure, horar da wasu, tattara bayanai a ƙauyuka, ko irin shuka idan aikinku noma ne. Ƙungiyar lafiya da ta buɗe gidan kaji saboda ta ga wani ya samu, sau da yawa asusun ajiyarta take binnewa. A gwada da ƙaramin jari na wata shida, a buɗe littafi daban, a kuma sani cewa ribar kasuwanci tana iya shiga haraji ko da ƙungiyar ta jinƙai ce, sannan doka ta hana raba ta ga mambobi. Bayan duk wannan ne ake zuwa rubuta takardar neman tallafi, kuma a lokacin ƙungiya ta san abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi.

Zama na uku na amintattu ne. A rubuta ƙa'idar asusun ko-ta-kwana a shafi ɗaya: nawa ake son tarawa, daga ina, wa ke da ikon amincewa a taɓa, da yadda za a mayar. Abin da aka saba ba da shawara shi ne kuɗin gudanarwa na wata uku zuwa shida, wato miliyan 4.5 a matakin farko ga ƙungiyar misalinmu. Kada a bar shi a asusun yau da kullum inda hauhawar farashi za ta cinye shi. Ana iya sa wani ɓangare a takardun lamunin gwamnati na kwana 91 ko 182 ko 364 ta hannun banki, ko a bankin da ba ya mu'amala da ruwa ga waɗanda suka zaɓi haka. Daga nan sai maganar da ake jin nauyinta, wato magaji. A rubuta wa'adin amintattu, a fayyace wanda zai riƙe ƙungiya idan shugaba ya kwanta jinya wata uku, a tabbatar ba mutum ɗaya ne kaɗai ya san kalmomin sirrin imel da na banki ba, kuma kowane mai tallafi ya san aƙalla mutum biyu a ƙungiyar. Mai horarwa na waje yana da amfani a nan, domin zai iya faɗa wa dattijon da ya kafa ƙungiya abin da yaransa ba za su iya faɗa ba, cikin ladabi.

7. A bibiyi aikin na kwana 90

Kafin a watse daga zama na ƙarshe, a rubuta ayyuka da ba su wuce biyar ba, kowanne da sunan mai yi da ranar kammalawa. Misali: ƙa'idar asusun ko-ta-kwana ta samu amincewar amintattu a taronsu na gaba, a biya bashin rahoton CAC, a samu masu ba da gudummawar wata-wata guda 50 na farko, a sake lissafin kasafin aiki ɗaya bisa ainihin tsadarsa a kai wa mai tallafi, a ƙara mai sa hannu na biyu a banki. A manna takardar a ofis, a duba ta a taron ma'aikata kowane mako biyu.

Gargaɗi: wanda aka horar yana iya samun aiki a wata babbar ƙungiya ya tafi, kuma hakan yana faruwa sosai. Maganinsa shi ne kowane darasi ya zama rubutacciyar ƙa'ida ko jadawali da ke cikin kwamfutar ofis, kuma kowane mahalarci ya koyar da mutum ɗaya abin da ya koya cikin wata guda.

A rana ta 90 mai horarwa ya dawo, a sake fitar da lambobi ukun nan na mataki na farko daga sababbin bayanan banki, a ajiye su kusa da na baya, a gabatar wa amintattu. A rubuta su a littafin taro, sannan a sa ranar da za a sake fitar da su bayan wata shida, kafin a biya mai horarwa ragowar ladansa.